Wa Zai Wanke Inna Hamsatu

Sadiya ce ta riƙo tsohuwar ta kafaɗa tana tura ta waje, ita kuwa Inna Hamsatu ta ƙanƙame ƙwaryarta a ƙirji kamar za a ƙwace mata jariri. Ganyen magaryar da ke ciki ya watse a zaure, akuyar gidan ta bi tana tsinta. Hure, maƙwabciyar tsohuwar, tana tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa ta jiyo hayaniyar, ta fito ko mayafi ba ta gama yafawa ba.

"Sake ta, Sadiya. Ta haifi uwarki fa."

"Uwar tawa ai ita ta wanke ta," in ji Sadiya. "Yau kuma 'yata ta zo wa. Zazzaɓi kawai Khaulat take yi, Inna Hure. Wa ya aika a kira mai wankan gawa?"

"An aiko ni," Inna Hamsatu ta ce a hankali, tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Cewa aka yi in yi sauri, rana na yi."

Ana cikin haka Nababa, mijin Sadiya, ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba Hure tsoro. Ya ce bara ma haka ta shiga gidan Zubair da wannan ƙwaryar, mako bai zagayo ba matarsa ta cika. Hure ta ce matar Zubair ta shekara tana tarin jini, kowa ya sani. Nababa ya ce shi dai bai kira sunan kowa da maita ba, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hure ta ja hannun tsohuwar suka juya. Sun kai bakin ƙofa Sadiya ta jefo maganar da ta fi yi wa Hure zafi.

"Ranar da tata ta zo, sai ku nemo mai wanke ta a wani gari. Ba dai hannun matan garin nan ba."

Rijiyar Mala ƙauye ne da ke tsakanin Ɗanbatta da Kunci, gona na haɗe da gona, ko ɗan akuya ba ya samun filin banza. Kakan mijin Inna Hamsatu ne ya zo daga gabas da jakunan kanwa, ya haƙa rijiyar da garin ya ci sunanta, shi ya sa har gobe ake kiran gidansu gidan Barebari, alhali ba wanda ya iya ko gaisuwa da Barbarci a cikinsu. Tun Hure na amarya ta tarar duk macen da ta rasu a garin Inna Hamsatu ake kira. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba ta taɓa cewa damina ce ba. Miji ya mutu, 'ya'ya ba su yi rai ba, ta rage ita kaɗai sai Bunu ɗan ƙaninta da ke kasuwanci a birni, sai kuma Hure da katanga ɗaya ta raba su.

Abin ya fara kamar wasa. Ta zuba gishiri a koko, ta yi sallar la'asar ta sake, ta tambayi Hure ko mijinta Mala, mai sunan kakansa, ya dawo daga masallaci, mutumin da ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa. Sannan ta fara fita da ƙwarya. Mata suka daina aiko mata da tuwo, yara suka koyi sauya hanya.

Ita Hure baki gare ta, ko mai unguwa ba ya son ta tare shi a hanya. Amma tana da rauni guda da kowa ya sani: tsoron gawa. Ko rasuwar mijinta a bayan ɗaki ta tsaya tana kuka har aka fita da makara. Don haka da ta zauna ta yi tunanin maganar Sadiya, sai ta ga gaskiyar abin tsirara. Matar da ta suturta iyayen kowa za ta kwanta a tabarma rana na hawa, ana aike gari-gari neman mai taimako, ita kuwa maƙwabciyarta ba za ta iya ko taɓa ta ba. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta kasa ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A rediyo ta ji labarin wata cibiya, a shirin lafiya na safe tana dama koko. Wata likita ce take bayanin wata cuta da take kama tsofaffi, su manta hanyar gida, su nemi matattu, su riƙa tashi za su tafi aikin da suka bari tuntuni. Ta ce jami'a ta buɗe cibiya a Kano don binciken cutar da taimakon masu jinya. Hure ta ajiye ludayi ta dubi rediyon.

"Ke, a gidanmu kika kwana?"

Ranar kasuwar Ɗanbatta suka shiga mota, Bunu ya tare su a tasha a Kano. Inna Hamsatu ta ƙi sakin ƙwaryar, Hure kuwa ba ta yi mata gardama ba, sai dai ta rufe ta da gefen mayafi kada fasinja su tambaya.

Abin da ya fara ɗaure wa Hure kai a cibiyar shi ne yawan mutane. Ga wani dattijo da babbar riga da gilashi, an ce tsohon hedimasta ne, yana ta tambaya wa ya hana a kaɗa ƙararrawa. Ga wata Hajiya da zoben zinariya tana kiran ɗanta Baba. Kowane tsoho da mai riƙe da hannunsa, kuma duk masu riƙon fuskarsu irin ta Hure ce, fuskar wanda barci bai ishe shi ba. Ta raɗa wa Bunu, "Ashe mayun da yawa, har da masu gilashi."

Likitar ita ce dai mai muryar rediyo, Dakta Ummu Salma, yarinya ce da Hure za ta iya haifa. Ta durƙusa ta gaida Inna Hamsatu kafin ta zauna, wannan kaɗai ya sa Hure ta sassauta fuska.

"Inna, zan faɗa miki abu uku, ki riƙe mini su, an jima zan tambaye ki. Akuya, tulu, gero."

"Akuyar wa?"

"Ta kowa ma, Inna."

"A'a. Akuya ba ta zama ta kowa. In ta shiga gero akwai mai biya."

Likitar ta yi dariya har da riƙe baki. Da aka jima ta tambaya, babu akuya babu tulu, tsohuwar ma ta manta an yi maganar. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, suka yini. Da yamma likitar ta zaunar da Hure da Bunu ta ce cuta ce, sunanta cutar mantuwa, tana cin ƙwaƙwalwa a hankali. Ta ce kamar rumbu ne da ɓarna ta shiga ta sama, sabon hatsi shi ke fara tafiya, na ƙasa wanda aka zuba tun da daɗewa shi ke jimawa. Ba ta ɓoye musu ba cewa babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Akwai dai wanda zai taimaka, akwai kuma yadda ake zama da mai ita.

"Wannan ƙwaryar fa?" ta tambaya.

Hure ta faɗa mata komai, har da maganar Sadiya.

"To, aiki take tafiya," in ji likitar. "In ta ji an ce wani ba shi da lafiya, ko ta ji kukan mata, abin da ta saba shi ke tashi. Kada ku yi musu da ita. Ku nema wa hannunta abin yi."

"Likita, ni na yarda. Amma ni ba ni ce garin ba. In na koma na ce cuta ce, cewa za su yi Hure ta je birni ta sayo ƙarya. Ku zo ku faɗa da bakinku."

Dakta Ummu Salma ta ce dama suna fita ƙauyuka, don binciken nasu yana buƙatar su san yawan tsofaffin da abin ya shafa da yadda ake riƙe su. Ta ce za ta sa Rijiyar Mala a ciki bayan an cire amfanin gona. Hure ta ce ta ji, amma a ranta ta ce alkawarin ɗan birni sai an gani.

Kafin kaka ta yi, Hure ta koma cibiyar don taron masu jinya ba sau ɗaya ba. A can ta koyi cewa in Inna Hamsatu ta tambayi Mala, ba sai ta ce ya mutu ta sa ta sabon kuka ba, sai ta ce, "Wane irin mutum ne shi, Inna?" tsohuwar ta yi ta ba da labari har ta manta da tambayar. A can ta koyi rataya ƙaramar ƙararrawar awaki a ƙyauren zaure. A can kuma ta yi kukan da ba ta iya yi a gida, gaban wata mata daga Kunci da take jinyar mijinta.

Da aka gama roron gyaɗa aka ɗaure gero, sai ga farar mota a ƙofar mai unguwa. Maza suka zauna da wani ma'aikacin cibiyar a gindin dalbejiya, mata kuma suka cika tsakar gidan da ake Islamiyya. Hure ta shigo riƙe da hannun Inna Hamsatu, nan take tabarmar da suka nufa ta zama fili.

Likitar ta yi bayani ba gaggawa. Ta nuna hoton ƙwaƙwalwar mai lafiya da ta mai cutar, ta ba da labarin hedimasta da ƙararrawarsa, aka yi dariya. Can sai wata ta ce a hankali, surukarta ma kafin ta rasu ta riƙa ɓoye tuwo a ƙarƙashin katifa. Wata ta ce kakanta ya taɓa fita da tsakar rana wai za shi aikin gayya a gonar da aka sayar tun ba a haife ta ba. Ashe kowane gida da nasa, an dai rufe ne.

Sai da aka kusa tashi Sadiya ta yi magana. Khaulat na zaune a cinyarta, ta warke sarai har ta yi kumatu.

"Likita, na ji cuta ce. Batun maita ma a bar shi, tsoro ne ya sa na faɗa. Amma akwai abin da ba wadda ta faɗa a nan, kuma yana ran kowa. Matar nan ta ga tsiraicin iyayenmu. Ta ga abin da su kansu suka ɓoye har suka mutu. Yanzu kai ya buɗe, baki ba linzami. Kwanan baya a bakin rijiya ta zagi liman. Ranar da ta tsaya a tsakiyar gari ta fara faɗin abin da ta gani fa?"

Hure ta duba, ta ga mata sun sunkuyar da kai, sai a lokacin ta gane abin da ya hana tuwo zuwa gidan Barebari. Likitar ta ce gaskiya ba za ta iya yi musu alkawari ba, cutar takan sa mutum ya faɗi abin da da ba zai faɗa ba.

Zuciya ta ɗebi Hure. "To ga ta nan zaune. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambaye ta."

"Inna Hure, bai kamata a gwada ta a gaban mutane ba," in ji likitar.

Ta makara, magana ta riga ta fita. Hure kanta ta yi nadama tun kafin ta rufe baki, don da safen nan ma tsohuwar ta kira ta da sunan wata ƙanwarta da ta mutu tana goyo. Ba ta san me zai fito ba.

Sadiya ta sauke yarinyar, ta matso ta tsuguna.

"Inna, ni ce 'yar Sadiƙa. Kin tuna Sadiƙa mai ƙosai?"

Fuskar tsohuwar ta washe. "Sadiƙa. Mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Tana ina?"

"Ta rasu, Inna. Ke kika wanke ta." Muryar Sadiya ta yi ƙasa. "Me kika gani a jikinta?"

Inna Hamsatu ta dube ta ta daɗe. Ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan ƙwaryarta, sai ga muryar da matan garin suka sani tun suna yara ta dawo, mai kauri, ba rawa.

"Ke 'yar gidan wa ce, ba a koya miki kunya ba? Ba a faɗa. Abin da ruwa ya gani, ruwa ya tafi da shi. Tashi ki ba ni wuri."

Sadiya ba ta tashi ba. Ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta fashe da kuka, ita kuwa ta riga ta manta faɗan, sai shafa mata baya take yi tana tambayar wa ya taɓa ta. Hure ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji wanda rabonta da irinsa tun haihuwar ɗanta na fari. Ta juya ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, kuma a tarihin Rijiyar Mala ranar ce kaɗai aka ga Hure ta ci nasara ta yi shiru.

Dabarar da ta biyo baya ta likitar ce. Ta tambaya, bayan Inna Hamsatu wa ya iya wankan a garin. Aka dubi juna. Tun da ta fara ciwo daga wani ƙauye ake ɗauko wata, in an yi sa'a tana gida.

"Ga malama kuna da ita a zaune," in ji likitar. "Baki zai iya mantawa, amma hannun da ya daɗe yana abu yakan riƙe shi. Ku gwada."

Haka aka fara. Duk ranar Alhamis bayan Islamiyya, sai a naɗe taɓarya da tsofaffin zannuwa, a ɗaura mata ɗankwali, a kwantar da ita a tabarma a tsakar gidan Barebari. Ranar farko 'yan mata suka yi ta ƙyaƙyata dariya, Inna Hamsatu ta ɗaga kai ta yi musu kallo ɗaya, dariya ta mutu. Ta rufe taɓaryar da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta yi bisimilla. Alwala tukuna, sannan dama kafin hagu, ruwan magarya, na ƙarshe da kafur. Ba ta iya jera bayanin da baki, amma in wata ta kuskure sai ta ji an buge mata hannu.

"A hankali. Kina juya ta kamar buhun gyaɗa. Tana jin kunya fa."

Hure ta fi kowa shan dukan hannu. Da farko ko taɓaryar ba ta son taɓawa, har Sadiya na tsokanarta wai kada ta tashi ta kama ta. A hankali ta saba. Tuwo ya dawo gidan har ana rasa kwanon juyewa. In ƙararrawar ƙyaure ta yi ƙara tsohuwar ta fita da ƙwarya, duk matar da ta fara ganinta sai ta ce, "An riga an gama, Inna, zo mu sha fura," ta rako ta gida. Nababa da kansa ya gyara mata rufin ɗaki kafin ruwa ya sauka, Hure kuwa ba ta tuna masa da daddawa ba, ko da yake ta so.

Damina ta gaba jikin Inna Hamsatu ya yi sanyi. Ta daina fita, ta daina magana sai jefi-jefi, har ranar Alhamis ma sai dai a kawo taɓaryar kusa da ita ta ɗora hannu. Ma'aikatan cibiyar suka riƙa kiran waya suna gaya wa Hure yadda za ta juya ta kada gefe ya yi gyambo, da yadda za ta ba ta koko kaɗan-kaɗan kada ta shaƙe. Wata safiya da hantsi, an kwana ana ruwa gari ya yi luf, Hure na ba ta kokon ta kau da kai. Hure ta ajiye ludayi ta riƙe hannunta tana yi mata kalmar shahada a kunne. Leɓen tsohuwar ya motsa tare da nata, sannan ya tsaya.

Hure ta jira tsoron ya zo, bai zo ba. Ta shafe mata ido, ta ja zane ta rufe ta, ta leƙa ta katanga ta sanar.

Kafin Bunu ya iso daga Kano gidan ba masaka tsinke. Mata har zaure, kowace da abin da ta riƙo, wannan tulun ruwa, waccan kafur, Sadiya kuwa da ganyen magarya cike da gefen zaninta, ƙaya duk ta yage mata hannu. Sai gardama ta tashi a ƙofar ɗaki, ƙasa-ƙasa don girman gawa, amma gardama ce sosai. Wannan ta ce ita ta fi iya naɗin ƙyalle, waccan ta ce uwarta da kakarta duk Inna ce ta wanke su, ita ke da hakki. Liman ya aiko daga waje a gaya musu ɗakin ba kasuwa ba ne, uku sun isa.

Hure ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi cincirindon, hawaye na zuba tana murmushi.

"Sadiya, ba ke kika ce a nemo daga wani gari ba?"

"Inna Hure, ki bari don Allah."

"Na bari. Ɗauko ƙwaryar ki shigo."

Suka saki labule. Da suka fito, maza suka ɗauki makara, sahu ya miƙe daga ƙofar gidan Barebari har ya wuce rijiya, Nababa na gaba da laka a gwiwa don shi ya shiga haƙan kabarin.

Ranar sadakar uku farar motar ta dawo. Dakta Ummu Salma ta zauna a tabarma cikin mata, ta yi addu'a, ta ci ɗan gumba. Ta ce yanzu a ƙauyukan da suke zuwa suna ba da labarin taɓaryar Rijiyar Mala, ba tare da kiran suna ba, har wani gari sun sa tsohon masaƙinsu ya koma koya wa samari. Da za ta tafi ta ja Hure gefe, ta tambaya a hankali irin ta likita, ko kwanciyar ta bar mata rauni a jiki.

Hure ta dube ta. "Ba a faɗa, Likita."

Likitar ta gyaɗa kai ta riƙe hannunta da hannu biyu.

Bayan mutane sun watse Hure ta share tsakar gidan, ta kwance zannuwan da ke jikin taɓaryar ta jingine ta kusa da turmi. Ƙwaryar na kife a kan katangar da ta raba gidajen biyu, inda Sadiya ta ajiye ta ta bushe. Wani ɗan ganyen magarya ya manne a bayanta, Hure ta kai hannu za ta cire, sai ta fasa, ta bar shi.